Shafi na Talatin da Bakwai

Sun ba mu littafin ran Laraba da la'asar,
ƙuri'a kuma Alhamis da hantsi.
Shafi ɗari da goma, a daren da aka ɗauke wuta.
Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, nan Garin Malam,
Cima ta riƙe mini tocila,
na lashi yatsa, na hau juyawa.

Lamba ba ta ƙarya.
Shekara ashirin da shida ina faɗa wa yara haka a gaban allo.
Daren nan na ga lamba ta sha wanka, ta tsaya a sahu,
tana kallona ko ƙiftawa babu.

Bas shida za a sayo wa Damagaram.
Bara ma shida ne. Bara waccan, shida.
Sha takwas ke nan, in lissafi na nan inda na bar shi,
amma ɗiyata da ƙafa take zuwa lakkwal,
ta dawo silifas ɗinta a hannu, igiya ta tsinke.

Man motar sintiri, lita dubu tara.
Na san motar.
Tana bayan komisariya bisa duwatsu huɗu,
kaza ta yi ƙwai a mazaunin direba.
To wa ke shan man? Kazar?
Daren da aka sari Mutari mai shayi a Kara-Kara
an buga waya, suka ce a turo babur ya ɗauke su.
Ban ga laifin Kyari ba, ɗan sandan da ya zo,
takalminsa ya wage baki kamar mai jin ƙishirwa,
ga shi kuwa a shafi na ashirin:
takalmi ɗari uku, an saya, an biya, an sa hannu.

Layi ɗaya ne ya cika har ya tumbatsa,
layin abin da aka karɓa.
Tikitin 'yan kabu-kabu, dala ashirin kowace safiya,
na masu amalanke, na 'yan ga-ruwa,
na tsohuwar da ke kasa yakuwa a bakin kasuwar Dole.
Nan ba wanda ya yi mantuwa.
Nan ko dala ba ta faɗi ƙasa ba.

Sai shafi na talatin da bakwai.
Kuɗin zaman 'yan majalisa: an ƙara.
Sunana ba ya ciki, amma kaza ta san ƙwanta.
Cima ta matso da haske, ta ce, "Wannan fa, Malam?"
Na ce hannunki ya gaji, je ki kwanta.

Alhamis na miƙe a zauren meri.
Na tambayi bas. Na tambayi mai. Na tambayi takalmi.
Fanka na juyawa, wani na gyangyaɗi,
wani na ɓare goro da farce.
Shugaban zama ya ce, "An rubuta, Malam Ilya, mun gode."
Tambaya ta huɗu ta zo mini har maƙogwaro,
na kora ta da ruwan leda.
Hannuwa suka tashi.
Nawa bai tashi ba, na kuwa ji daɗin kaina
har zuwa bakin ƙofa,
inda ambulan ke jira, da sunana, da rubutu mai kyau.

Na karɓa.

Yaron da ya ɗauko ni bai kai ashirin ba.
Daidai inda shafi na hamsin ya ce an zuba kwalta
muka faɗa rami, haƙorana suka haɗu.
Ya waiwayo, ya ce, "Yi haƙuri, Baba, hanyar ce."
Na ce na sani, ɗana, na karanta ta.
A ƙofar gida na buɗe ambulan na biya shi.
Ya juya takardar, sabuwa fil,
bai san daga aljihunsa ta fito ba.