Lissafin Dare a Kabala

Ruwa ya ɗauke, wuta ma ta ɗauke.
Daga bakin kogi suka taso,
masu goge ba gayyata.

Litinin na kunna igiyar leƙo.
Sauro ya yi shiru,
ƙirjin Tasalla ya karɓi waƙar,
tari har assalatu.

Talata, ɓawon lemu a kasko.
Ɗaki ya ɗau ƙamshi,
garwashi na mutuwa
suka dawo da danginsu.

Gwaggo Lantana ta aiko da ɗaɗɗoya da darbejiya,
wai da su aka rene mu.
Da gaskiyarta,
amma gaskiyar ba ta kai tsakar dare.

Tanimu maƙwabcina ya miƙo fiya-fiya,
kwalba ba suna, ba takarda:
"Ɗigo uku, ko kyankyaso ba ya kwana."
Na dubi kyankyason a rigingine,
na dubi 'yata,
na mayar masa da abinsa.

Man kemis kan kai asuba,
kuɗinsa kuwa kwanon masara.

Yau ga ni da allura da zare
a huji na bakwai na gidan sauro.
Tasalla na haska min tocila,
tana ƙirga cizon hannunta,
ta wuce inda aka koya mata a makaranta.