Damarsa, Haguna

Bayan an cire albasa a fadamar Kware
ƙasa takan kwanta kamar tabarmar da aka kakkaɓe.
Nan muke sakin karnuka ran Laraba da la'asar,
fatar zomo a bakin igiya,
igiya a bayan babur ɗin Arzika,
mu masu karnuka can ƙarshen fili, kowa da fitonsa.

Zarto ya fi su duka tashi.
Ciki a ɗame, ƙafafu kamar karan gero,
in ya miƙe ba ka jin sawunsa,
sai dai ka ga ciyawa ta sunkuya a bayansa.
Amma taku hamsin, sittin,
sai ya soma zamewa dama
kamar jakin da ya hango ƙofar gidansu,
ya bangaji Kurciya, ya hau kunyar gona,
ya bar ni da tawa kunyar.

Na duba tafinsa ko ƙaya ce ta maƙale.
Na rage masa farce.
Na ɗauke shi a kan babur har Sakkwato,
likitan dabbobi ya haska idonsa, ya matsa ƙugunsa,
ya ce lafiya lau, kawo dubu biyu.
Na kafa masa lungu da karan dawa,
shinge nan, shinge can, faɗin kamu uku.
A ciki yakan tafi sak kamar zaren masaƙi.
Ranar da na tuge karan
ya koma damarsa kamar ya bar ajiya.

Tsoho Nomau yana gindin gawo kullum,
yana goga goro a murfin gwangwani don haƙora sun yi sallama.
Bai taɓa cewa uffan ba sai ran nan.
"Kai ɗan Jabbi, tai can ka tsaya,
kira shi in gani."
Na tsaya. Na yi fito. Zarto ya taso, ya lanƙwasa,
ya dire hancinsa inda ya saba.
"Wane hannu ne wanga?"
Na duba. Hagu.

Tun yana kwikwiyo, idonsa bai gama buɗewa ba,
dama ta tuwo ce, ta gaisuwa, ta tasbaha.
Kare kuwa an ce a ba shi da hagu.
Ƙashi da hagu, ragowar fura da hagu,
shafar kai, in babu mai kallo, da hagu.
Shekara biyu ina koya masa
duk alherin duniya yana gefe guda,
sannan na zo da bulala ina neman sak.

"Damarshi hagunka ta," in ji Nomau.
"Kare bai karkace ba, kai ka karkata.
Gyara tsayuwarka."

Kwana arba'in ina tsayuwa kamar turke,
hannaye a baya, duga-dugai a haɗe,
kaskonsa a tsakanin ƙafafuna, ba nan ba, ba can ba.
Yara na dariya, wai ɗan Jabbi ya shiga soja.
Kwana goma na fari yana zagaye ni yana kuka,
yana neman hannun da na ɓoye.
Ni ma hannun yana neman sa.

Larabar da ta wuce ya zo na biyu.
Kurciya ta riga shi da tsawon wuya,
amma sawunsa a kan laka,
na bi shi da ido daga babur har ƙafata,
ko magini ba zai ja igiya ya fi haka ba.

Da aka watse, magariba ta kawo kai,
muna tafe a kan hanyar gida,
ya matso a hankali, yana haki,
ya sa hancinsa mai sanyi cikin tafin haguna.
Na waiga. Nomau ya yi nisa.
Na bar shi.