Usur ɗin Babikir

A Mai Wurno aka haife shi, a gaɓar Shuɗin Nilu,
yaron da tsawo ya riga wayo zuwa.
Yana ɗan sha uku, ƙofar ɗakin uwarsa
ta fara gaisawa da goshinsa kowace safiya.
Inna Kaltume ta ce, "Kai, wannan gora,
in ba tsinko mangwaro ba, me za a yi da kai?"

Kwandonsa na farko bakin tsohon bokiti ne
da Usta Mirgani ya kafa a jikin darbejiya.
Ƙwallon kuwa faci kan faci,
in ta dira ƙasa sai ta nufi inda ta ga dama.
Ita ta koya wa tafinsa
tarbar abu tun bai iso ba.

Motar auduga ta kai shi Wad Madani
da takalmin aro da ya yi masa kaɗan,
yatsu a lanƙwashe kamar suruki a zaure.
Ƙungiyar masaƙa ta ba shi riga mai lamba sha ɗaya,
sanda biyu a tsaye,
'yan kallo suka ce shi ne da inuwarsa.

Shekara goma sha huɗu yana tashi sama.
Albashin, na wake da shayi ne,
ragowar a ambulan, a hannun direba, zuwa gida.
Ya ci kofi uku. Ɗaya na ajiye masa allura da zare,
biyun ban san inda suka shiga ba.

Amma labarin da ya fi ba mu
na wani dare ne a Hartum:
saura daƙiƙa uku, an fi su da ɗaya,
ƙwallo a hannunsa, filin ya yi tsit
har yana jin kukan fitila.
Ya jefa.
Ta zagaye bakin zobe sau biyu
kamar baƙuwa mai neman ƙofar gida,
ta leƙa,
ta fasa.
A nan yakan tsaya, ya kurɓi shayi.
Mu ce, "Sai me, Koci?"
Ya ce, "Sai gari ya waye. Na je atisaye."

Gwiwa ce ta sauke shi, ba abokin hamayya ba.
Ƙas! kamar an karya kara,
ranar Talata, a wasan da ba kowa a benci.

Ya dawo da sanda, da usur a wuya.
Mu goma sha bakwai, ƙwallo biyu,
simintin fili ya tsattsage kamar dugadugan manomi.
Ba ya ihu. In ka yi rowar ƙwallo
sai ya sa ka riƙe ta har magariba,
kai kaɗai, a tsakiyar fili:
"To, ga ta nan. Ci."
Ni na riƙe ta sau huɗu.
Gajere ne ni, bakina ya fi ƙafata sauri,
shi ya ce, "Dogo yana ganin kwando,
gajere yana ganin mutane. Duba mutane, Jafaru."

Ya kai mu gasa a bayan akori-kura,
ya ɗinke ragar kwando da zaren buhu,
ya sayar da agogonsa saboda idon sawun Nurain.
Mun ci, an ci mu.
An fi cin mu, in gaskiya za a faɗa.

Bara ya ciro usur ɗin ya rataya mini.
Bakinsa duk shaidar haƙori,
fushin shekara ashirin da bai taɓa furtawa ba.

Yanzu yana zaune ƙarƙashin inuwa, ƙafa a miƙe,
yana kallon wani siririn yaro daga Sinja
da ya jefa, ta kuskure, ya sunkuyar da kai.
Na ɗaga usur zan hura.
Tsohon ya girgiza kai, ya buga benci da tafinsa:
"Turo min shi. Akwai wani dare a Hartum."