Kalma Ɗari Biyu da Hamsin

Ƙarfe uku na dare a Sheffield,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi.
Tsofaffin da nake jinya duk sun yi barci,
in ban da Mista Ollerenshaw na ɗaki na tara
da ke kiran matarsa wadda ta rasu tun bara.
Na ja kujera kusa da hita, na buɗe kwamfuta.

Tambayar na nan inda na bar ta jiya:
me ya sa kika zaɓi wannan jami'a?
Kada amsa ta wuce kalma ɗari biyu da hamsin.

Sallau, mijin ƙawata, ya ce abin ba wuya:
wasa su za ki yi kamar maroƙi ya ga mai kuɗi,
ki ce sunansu ya kai bangon duniya,
ɗakin karatunsu teku ne, malamansu taurari.
Na rubuta haka. Na karanta.
Sai na ji kamar na ari zanin wata,
ga kyau, amma ya ƙi zama a ƙuguna.
Na goge.

To, in faɗi gaskiya?
Bas ɗaya ce daga ƙofar gidanmu zuwa ƙofarku,
minti ashirin in hanya ba cunkoso.
Zan ajiye Nusaiba a makaranta,
in iso aji kafin malami ya yi gyaran murya,
in dawo in ɗauke ta da sauran numfashina.
Ba ni da kuɗin ƙaura zuwa Landan,
kowa kuma daidai ruwansa yake dama kunu.
Amma wa ke rubuta lambar bas
a takardar neman digiri na biyu?

Akwai wata gaskiyar a ƙarƙashin wannan,
yadda ruwa ke kwanciya ƙarƙashin marmara.
Babana mahaƙin rijiya ne a ƙasar Gumel.
Yakan ɗebo ƙasa ya ɗora a harshe,
ya lumshe ido, ya ce, saura gaba huɗu.
Bai taɓa riƙe biro ba,
bai kuma cika kuskure ba.
Shekarar da na gama karatun ilimin duwatsu
rijiyoyinsa bakwai suka ƙafe, ɗaya bayan ɗaya.
Ya dube ni a bakin ta bakwai, guga na lilo a hannunsa:
Barira, ke da kika yi boko, ina ruwan ya tafi?
Ban sani ba.
Ban kuma iya cewa ba ruwana ba.
Har ya koma ga Mahalicci ina riƙe da tambayarsa
kamar ajiyar da mai ita bai dawo karɓa ba.

Malamai goma sha ɗaya na rubuta wa a ƙasar nan.
Tara ko tari ba su yi ba.
Ɗaya ya turo mini jerin kuɗin makaranta.
Dakta Pickering ta sashenku kuwa
ta amsa ran Lahadi da yamma, layi uku kacal,
na ƙarshen tambaya ce:
wane ɗanɗano mahaifinki ke nema a cikin ƙasar?
A ɗakin wanki na karanta, tsakanin zannuwan gado,
na zauna kan kwando har inji ya gama juyi.
Shekara shida ina garin nan,
ba wanda ya taɓa tambayata abin da babana ya sani.

Ƙararrawa. Ɗaki na tara.
Na je na ɗaga kansa, na ba shi ruwa ya kurɓa,
ya kira ni da sunan matarsa, na amsa.

Da na dawo sai na rubuta duka:
rijiyoyin, harshen Baba, layin nan uku, har da bas.
Na ƙirga. Ɗari biyu da sittin da uku.
Dole goma sha uku su fita.
Na cire gaisuwa, na cire godiya mai tsawo,
na cire inda na ce ni mai ƙwazo ce.
Bas ɗin na bar ta.
Gari ya fara haske a bayan tsaunukan,
saura awa biyu in tashi,
shayina ya huce tuntuni.