Rabin Ɗari Biyar

Mannir ɗan ƙanwata ya shigo bayan la'asar,
takalminsa duk caɓin Rafindadi.
Ya zazzage faifai biyu a kan tabarma,
sirara, marasa nauyi,
irin na zamani da ba sa juyi, ba sa gurnani.
Ya ce, Kawu, bari in ɗaura masu aure su zama ɗaya,
kwamfutarka ta riƙa tashi kamar zomon da ya ji kare.

Na ce yi mani da Hausar kasuwa.

Ya ce kowane fayil za a yanka shi sala-sala,
wannan sala ga na dama, waccan ga na hagu,
kowa ya sungumi rabin kaya,
tafiyar yini ta koma ta hantsi.

Sai na tuna bijiman Baba a gonar hanyar Batsari,
Ja da Fari, karkiya ɗaya.
Kunya goma kafin rana ta yi zafi.
Shekarar da Ja ya karye a ramin gara
garma ta kwana uku a tsaye.
Amma ko banza Fari ya saura,
mun sayar da shi a Charanchi, mun ci tuwo.

Na ce, to in ɗaya ya mutu a cikin naka fa,
me ɗayan zai miƙo mani?

Ya sosa ƙeya.
Ya ce, gaskiya, ba komai.

Ashe ba shanu ba ne.
Takardar ɗari biyar ce ka yaga biyu
ka ba yara biyu su yi tsere zuwa kanti.
Ɗaya ya faɗa kwata,
ɗaya ya iso da haki da rabi a hannu,
kuma rabi ba ya sayen ko goro.

Ka san abin da ke cikin akwatin nan, Mannir?
Sunayen masu bashin gero, shekara tara.
Hoton shagona kafin gobara.
Da muryar Goggo Tabawa, minti arba'in da ɗaya,
tana lissafa kakanninmu har zuwa Ruma,
tana tari, tana zagin akuyar maƙwabta.
Bara ta rasu.
In aka tsaga ta biyu, wa zan koma in tambaya?

Ya ce mu gwada dai.
Ya danna agogon wayarsa, na kunna.
Sakan goma sha ɗaya.
Ya ce da an haɗa su, ƙila goma.
Ƙila.
Ruwan shayin ko motsi bai fara ba.

Ni abin da ke riƙe ni na san shi:
wutar da ake ɗaukewa ba sallama,
sabis mai tafiyar hawainiya,
da yatsuna biyu masu laluben harafi
kamar kaza a sheƙa.
Faifai bai taɓa sa ni jira ba.

Ya ce ai ubangidansa Rabe, can Ƙofar Ƙaura,
haka ya jera nasa.
Na ce Rabe fim yake yanka daga safe har dare,
kaya masu nauyin buhu,
kuma ka tambaye shi, yana da wani rumbun a gefe.
Mai rijiya biyu shi ke wasa da guga.

Yaron ya yi dariya, ya ɗauko sukuddireba.
Ɗaya ya sa shi ya yi aiki,
ɗaya ya zauna gefe yana haddace ɗan'uwansa,
kowane abu a cike, sau biyu.

Muna rabin kwafi aka ɗauke wuta.

Muka zauna a duhu, sauro na gaishe mu.
Mannir ya ce ashe Goggo har akuya take zagi?
Na ce bari wuta ta dawo,
ka ji da kunnenka.