Zobba Biyu a Kan Igiya

Baba Barmo, a rumfarka ta bakin Gulbi
ka tuƙa rama shekara arba'in.
Sau ɗaya na ga ka warware tufka,
ran da igiyar rijiyar Mantau ta tsinke.

Yau ga ni gaban allo a lakkwal ɗin Zariya,
alli saura rabi, yara sittin da uku,
ina faɗa musu abin da ke ƙunshe a ƙwayar jikinsu:
zare ne mai sili biyu, a murɗe,
ido bai taɓa yin tozali da shi ba.
Kafin ƙwaya ta zama biyu
sai an kwance shi, an kwafi kowane sili.

Mai kwancewar zobe ne, helikaz,
da gaɓa shida aka ƙera shi.
Ba ya hawa da kansa.
Akwai masu tsaron mafari,
su ke zura zaren ta bakin zoben, a rufe,
su kawo na biyu, goshi da goshi.

Shi ke nan. Zobba na zaune, ko motsi,
kamar shanun huɗa a cikin karkiya
ana duban gabas, hadari bai haɗo ba.

Tsahara ta ɗaga hannu daga bencin baya:
"Madam, tunda an ɗora, me ake jira?"

Izini, ƴata.
Sai masu hatimi sun zo sun buga,
mataimaka sun kama ta gefe,
sannan kowane zobe ya tofar da sili ɗaya, ya riƙe ɗaya,
su gitta juna ba sallama,
wannan ya yi Tibiri, wancan ya yi Ɗan Isa,
tufka na buɗewa a gabansu,
masu kwafi na bin sawu.

Kuma da zarar an ce tashi,
ba a ƙara ɗora wani zobe,
kada wuri guda ya kwafu sau biyu.

Nan na tsaya, alli a hannu.
Na ji muryarka, Baba, ran Mantau,
ina ƙarama, ina gaggawar jan igiya:
"Saki! Ba a ƙulli da ja a lokaci guda."

Da la'asar na biyo in wanke maka tafin hannu
inda wuƙa ta yanke ka shekaranjiya waccan.
Na ɗaga tsumman.
Bakin ciwon ya fara haɗuwa,
sabuwar fata, ja-ja, siririya.
Ka ce, "Ya kama kansa."
Ban ce komai ba. Na mayar da ɗaurin a hankali,
kada in dami masu aiki.