Guga da Igiya

A hawa na uku, daura da tashar jiragen Valparaíso,
inda ƙugiyoyi ke ɗaga kwantena har asuba,
kamfaninmu mai fitar da inabi da daskararren kifi
ya ce shafinsa ya tsufa,
a nemo sabon ginshiƙi a ɗora shi a kai.

Ni Ximena aka bar wa zaɓi.
Manhajoji biyu na tarar, duk a buɗe,
ba lasisi, ba ƙofa, ba maigadi,
mai so ya ɗiba, mai iyawa ya gyara.

Ta farko walƙiya ce.
Wani matashi a Temuco ya ƙera ta,
Baltasar Huenchullán, shi kaɗai, cikin hunturu uku.
Na gwada ta da tsakar dare,
kafin in kai kofi baki shafi ya buɗe.
Na ce to, na tsinci dami a kala.

Sai na nemi littafin jagora.
Babi na ɗaya, barka da zuwa.
Babi na biyu, ga yadda ake girkawa.
Babi na uku, inda ake haɗa ta da banki:
"Za a rubuta nan gaba."
Wata goma sha tara ke nan ana nan gaba.

Ta biyu ba ta da wannan zafin nama.
Tafiyarta irin ta tsoffin taragun garinmu
masu hawa tudu suna ƙara, suna nishi.
Amma in ka yi kuskure ba ta yin gum,
takan ce: layi na arba'in da biyu, ka manta waƙafi.
Ta zo da ma'auninta, da abin gwajinta,
da gadar ƙaura daga tsohon zubi zuwa sabo,
kuma misalin da ke cikin littafinta
in ka kwafa, yana tashi.

Don Evaristo Maturana, mai kamfanin,
bai san layi ɗaya na wannan aiki ba.
Ya saurari yabon walƙiya yana goge tabarau,
sannan ya dubi cikina ɗan wata biyar:
"A Maris inabi ke fita, ke kuma kina gida da jariri.
In ta faɗi ƙarfe uku na dare,
jirgi na jiran takarda,
wa zai tashe ta?"

Muka kira Fermín, sabon yaronmu,
muka ba shi su biyun ba tare da bayani ba.
A ta farko ya kwana biyu yana lalube,
ya aika tambaya, shiru,
har ya fara zargin kansa da daƙiƙanci.
A ta biyu, kafin abincin rana
ya fitar da rasit na gwaji, yana dariya shi kaɗai.

Ruwan Baltasar ya fi daɗi, na rantse.
Sai dai rijiya ce mai gaba goma,
ba guga a bakinta, ba igiya,
kuma ɗan kasuwa ba ya sayen zurfi.

Muka ɗauki mai nishi.
Na rubuta wa Baltasar don kada ya ji a salansa.
Amsarsa gajera: "Komai na cikin manhajar, a karanta."

Bayan mako biyu sai ga wani saƙon:
"Jiya na buɗe ɓangaren banki zan rubuta babin,
na rasa dalilin da ya sa na gina shi haka.
Ni da na ƙera.
Ko kina da lokaci?"

Yanzu ranakun Asabar, jaririya na barci a kafaɗata,
shi yana tuno, ni ina rubutawa,
Fermín na bin sawunmu,
duk inda ya yi tuntuɓe mu koma mu share hanya.
Mun kai babi na bakwai.
Don Evaristo bai sani ba tukuna.